Amsa: Me ya fi dacewa da saman kantar kicin na tsakar gida?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kicin ɗin a tsakar gida zai kasance, rumfa kawai gare shi, kuma kin rasa na zaɓa tsakanin marmara, tayil da dutsen giranit.

In aljihu zai ɗauka, giranit za ki saka. Rana ba ta kashe masa launi, ruwan damina bai dame shi ba, zafin tukunya ma yana jurewa. Sai dai don Allah ki guji baƙi wuluk, domin a watan Afrilu da tsakar rana ko hannu ba za ki iya ɗorawa a kai ba. Ki nemi mai ruwan toka, kaurin santimita 3. A shafe shi da maganin da ke hana dutse shan ruwa, a riƙa maimaitawa, saboda manja in ya shige cikin dutse fitarsa da wuya.

Marmara kam ki haƙura da ita. Ruwan tsamiya ko lemon tsami na ɗiga, wurin zai dusashe ya bar tabo, wanki kuma ba ya fitar da shi.

Tayil ya fi araha, matsalarsa layukan tsakani: nan maiƙo da ƙurar hunturu ke taruwa, ruwa ya bi ta ƙasa, wata rana ki ga guda ya ɗago. In shi za ki saka, a samo manya, layukan su ragu.

Ki kuma jaddada wa magini ya ɗan karkata kantar kaɗan don kada ruwa ya kwanta, ƙafafun kuma na bulo, ba katako ba, saboda gara.