Yaya ake fito da mala'ika a wasan ban tsoro na talabijin?

Ɗan'uwa daga Asawase, ka ce kuna haɗa wasan ban tsoro a Kumasi, kuna son mala'ika ya zama alamar cewa ceto na tafe, amma gwajinku dariya ya ba mutane.

Fukafukan kwali da farin zanen gado ne suka kashe ku. Ko a Supernatural, wasan ban tsoro na talabijin na Amurka, lokacin da mala'ika Castiel ya fara fitowa a 2008, da kwat ya zo, inuwar fukafukansa kawai aka gani a bango. Ga shi kuma malaman Zango ba za su ƙyale ku ba in kuka yi wa mala'ika fuska, gara ku bar shi baƙo marar suna.

Ku sa fitila ɗaya mai haske rawaya-rawaya, 3200K a ma'aunin launin haske, a bayansa sama da kai, sauran ɗakin ya zauna a 5600K, wato farin haske irin na rana. Ku daidaita farin kyamara (white balance, wato launin da kyamara ke ɗauka a matsayin fari) da hannu, in ba haka ba za ta gauraye launukan. Hayaƙin turaren wuta kaɗan zai fito da layin hasken. In ya yi yawa, hoto ya dushe. Da baƙon ya shigo, a yanke kiɗa.

Kada ya riƙa zuwa kowane kashi. In mai kallo ya tabbata zai zo, tsoro ya ƙare.