Yaya, Motocin Nan Ba Nawa Ba Ne

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata lafiya.

Saƙonka ya iso, sai da na saurare shi sau biyu saboda dariya. Ka ce mutanen gida sun fara tsegumi a kan hotunan da nake sakawa, wasu na cewa na yi kuɗi na ɓoye, wasu na cewa dillancin mota na koma. Kai kuma abin da ya tsaya maka a rai shi ne a ce magidanci mai 'ya'ya uku ya bar bargo da sanyin safiya, ya je bakin titi yana ɗaukar hoton motar da ba tasa ba. Har kana tambaya ko duk Hausawan Ingila haka suke. To bari in warware maka zare da abawa.

Ko ɗaya ba tawa ba ce. Tawa tsohuwar Toyota ce, da ita nake kai yara Islamiyya ranar Asabar. Yawancin 'yan'uwa a nan haka suke, wasu ma a Landan ba su da mota sam, bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa sun wadatar da su, ga kuɗin inshora da na fakin da ke cinye albashi. Idan ka ga ɗan gidan wane cikin farar Rolls-Royce ranar ɗaurin aure, haya ce ta 'yan sa'o'i don a ɗauki amarya, kafin magariba ta koma wurin mai ita. Kuma ba dukanmu ke wannan farautar ba. Mu 'yan kaɗan ne, muna da zaurenmu a WhatsApp, akwai likita, akwai direban bas, akwai ɗalibai, da wani mutumin Damagaram da ya fi mu duka ido. Sauran jama'a irin kallon da kake yi mini suke yi mana.

Amma ka tuna Baba, Allah ya jiƙansa, ranar Hawan Daushe? Bai taɓa mallakar doki ba, amma tun daga nesa zai ce wancan kili ne, wancan akawal, wancan danda, har ya gaya maka sirdin wane gida ne. Ba wanda ya taɓa ce masa kwaɗayi yake yi. Ido ne kawai da sanin kan abu. To abin da muke yi ke nan, sai dai namu dawakan fetur suke sha.

Inda mutanen gida ba sa ganewa shi ne ba tsada muke bi ba, ƙaranci muke bi. Da rani, attajiran ƙasashen Larabawa kan kawo motocinsu a jirgin sama, su cika Knightsbridge da titin Sloane, wajen kantin Harrods, samari na bin su a guje da waya a hannu. Na yi wannan a shekarun farko, yanzu ko juyawa ba na yi. Sabuwar Rolls-Royce a unguwar Mayfair kamar Fijo ce a Kaduna a da. Kai, su ma manyan sunayen yanzu a hannun Jamusawa suke: BMW ke da Rolls-Royce, tun 2003 a Goodwood ake ƙera ta, Bentley kuwa ta koma hannun Volkswagen tun 1998 duk da cewa har yau a garin Crewe ake yin ta.

Wadda ke sa ni in tsaya cak ita ce Bristol. Na san ba ka taɓa jin sunan ba, ko a nan da yawa ba su san ta ba. Asalinsu maƙeran jirgin sama ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka shiga yin mota, kaɗan-kaɗan, da hannu. Shago ɗaya tak suke da shi, a babban titin Kensington, ba su da dillalai. In ka gan ta a fake sai ka ɗauka motar wani tsohon malamin makaranta ce, ba ado, ba ƙyalli. Safaya ma ba a but take ba, an yi mata ɗan ɗaki a gefe, bayan tayar gaba, batir kuma a ɗaya gefen. Kamfanin ya rushe a 2020, saboda haka waɗanda ke kan titi su ke nan, ba ƙari. A wannan motar na fahimci halin masu tsohon arziki na ƙasar nan. Mu a gida so muke mota ta yi sallama kafin mai ita ya fito. Su kuwa burinsu kada maƙwabci ya san abin da ke aljihunsu, sai wanda ya sani ya ɗan gyaɗa kai ya wuce. Ban ce nasu ya fi namu ba, shi ma wani nau'in taƙama ne, ta masu rufin asiri.

Daɗin abin yana cikin 'yan alamu. Akwai Jensen Interceptor da aka yi a West Bromwich daga 1966 zuwa 1976, mai wani ƙaton gilashin baya kamar an kifa ƙwarya. Tana da 'yar'uwa mai suna FF wadda duka tayoyinta huɗu ke ja, guda 320 kacal aka ƙera. In ba ka sani ba sai ka ce abu ɗaya ne. Amma dubi gefe, bayan tayar gaba: Interceptor tsagar iska ɗaya gare ta, FF biyu. Haka Rolls-Royce Silver Shadow, an yi ta kusan 30,000, ita ce ma ake yawan haya a bukukuwa. Tagwaininta Bentley T bodi ɗaya, inji ɗaya, hanci da tambari kawai suka bambanta, amma ita ko 3,000 ba a kai ba. Mutumin Damagaram ɗin nan daga cikin bas ya taɓa gane wata, ya sauka a tasha ta gaba ya dawo da ƙafa.

Ni kuwa wadda na fi shekara goma ina nema ita ce Aston Martin Lagonda, mai dogon hanci siriri kamar an fere ta da wuƙa. An nuna ta a 1976, guda 645 aka yi gaba ɗaya. An cika mata gaban direba da lantarki irin na kwamfuta tun zamanin bai kai ba, shi ya sa ta yi suna wajen wahalar da bakanike. Ranar da na gan ta ba nemanta na fita ba, cefane na je, ga leda a hannu biyu. Na ajiye kayan a ƙasa na tsaya kallo, har uwargida ta bugo tana tambayar ko nama ne ya gudu.

Abin yana da ladabinsa, kuma da kunya na koya. A shekarata ta biyu na ga wani dattijo yana goge tsohuwar motarsa, na gaishe shi, na ɗora hannu a kan bodi na ce nawa ya saya, yadda za ka yi a kasuwar 'yan mota a gida. Nan take fuskarsa ta canza, ya amsa a daƙile ya shige gida. Laifi biyu na yi a numfashi ɗaya. A nan ba a taɓawa, ba a tambayar kuɗi. Amma ka ce masa wace shekara ce, ko injin na asali ne, sai ya buɗe maka bonet ya riƙe ka rabin sa'a, har da tarihin wanda ya fara sayenta. Idan a ƙofar gidan mutum take, muna rufe lambar kafin mu saka hoto, ba ma nuna gidan, saboda ɓarayi. Mu kuma muka ƙara namu: duk wanda ya saka hoto a zaure sai an ce Masha Allah, kada bakinmu ya kama dukiyar bawan Allah.

Lambar ma tana magana. Da ita za ka shiga shafin gwamnati a intanet, kyauta, ka ga shekarar motar, launinta, da tarihin gwajin lafiyarta na shekara-shekara. Motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajistar kayan tarihi, a yafe mata harajin hanya da wannan gwajin, kuma ba ta biyan fam 12.50 da ake karɓa kullum a Landan daga motoci masu hayaƙi. Ka ga abin mamaki, motar talaka mai shan dizal 'yar shekara 20 tana biya, ta mai hali 'yar shekara 50 tana wucewa salin-alin.

In Allah ya kawo ka, ka daidaita da farkon Nuwamba. Lahadin farko na watan ake fitowa da motocin da aka ƙera kafin 1905, su tashi daga Hyde Park da fitowar rana su nufi Brighton, wasu da tururi suke tafiya. Mukan yi Asuba mu fita da shayi a fulas, yara na rawar ɗari suna ƙorafi.

Yanzu ga tawa buƙatar. Tsohuwar Rolls-Royce ɗin nan ta fadar Kano, muna yara mun sha ganinta ban san darajarta ba. Duk ranar da aka fito da ita, don Allah ka sa yaron nan naka ya ɗaukar mini hoto, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, kada ya yanke tayoyin. Ya kuma duba mini ɓangaren da sitiyarin yake, tunda sai a 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Mun yi musu a kai da mutumin Damagaram, har da alkawarin kilishi.

A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin gwiwar yana hanya.