Kwalaben da ka gani a hoton nan, Yaya

Yaya, na saurari saƙonka har sau uku, kuma tun daga yadda ka ja sallama na san ranka a ɓace yake. Hoton da ya iso muku Daura ba haɗi ba ne. Ni ne zaune a lambun maƙwabcina a nan Hamburg, ga kwalabe jere a gabana. Sai dai na ɓangaren dama zoɓo ne da lemon citta da Hajiya ta haɗa da hannunta, na hagu kuma giyar mai gidan ce da abokansa. Ba mu taɓa tasu ba, su kuwa sun shanye namu tas.

Ka tambaye ni me ya kai ɗan gidan malamai irin wannan zama. Mutumin nan shekara 11 muna katanga ɗaya. Ranar da aka kwantar da ƙaramarmu a asibiti, shi ya kai manyan makaranta. Shi da abokansa giya suke dafawa a ɗakin ƙasa, kowa ya kawo tasa a ɗanɗana a yi gardama, kamar yadda kuke gardama a majalisa kan furar wace mai talla ta fi. Wannan ya ce ɗacin ya yi yawa, wancan ya ce kumfar ba ta tsaya ba. Abin alfahari ne a wurinsu. Da ka zauna za su kawo maka zancen dokar da aka kafa a Bavaria, yankin kudancin Jamus, a 1516, wadda ta ce ba a zuba komai a giya sai ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira hop. Ko yis ba a ambata a cikinta ba.

Abin da zai ba ka mamaki, a wajen wannan Bajamushen na fahimci kunun zaƙin Inna. Ya nuna mini yadda suke jiƙa sha'ir har ya tsira, su busar da shi, su niƙa, su dama da ruwan zafi, tsiron ya mayar da garin ya koma zaƙi. Na ce masa ai wannan aikin tsiro ne, uwata tana yin sa da gero tun ban san hagu da dama ba. Har nan hanyarmu ɗaya da su. Inda aka rabu shi ne su suna zuba yis su rufe kwana da kwanaki, yis ya cinye zaƙin ya bar barasa da iska. Burkutun da Maguzawa ke yi da dawa ma haka yake. Ka tuna kunun da ya kwana a randa lokacin bazara, da safe ya tashi yana tsiyayar kumfa, Inna ta ce a zubar? To, ta san abin da take yi, ko da ba ta da ma'aunin gilashin da maƙwabcina ke tsomawa a tukunyarsa.

Shi ya sa Hausawan nan, mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da suka riga mu zuwa, muke da tsauri kan abin sha fiye da yadda kuke zato. Kunun aya ba ya kwana a waje, daga tata sai firji. Kwalba sabuwa muke saye, ba mu wanke wadda giya ta zauna a ciki. Duk suna ko walimar aure, mata kan zo da nasu haɗin, a yi ta cacar baki kan kanumfari da masoro, da ko a sa abarba a zoɓo. Matan Kumasi suna cika citta har sai ka yi tari.

Inda muke saɓani shi ne giyar da aka cire wa barasa. A nan kwalba kan zo da rubutun cewa babu barasa alhali akwai har rabin kashi 1 cikin 100, sai wadda aka rubuta 0,0 ce ake ɗauka babu. Wasu samarinmu suna shan ta biyun, suna cewa me ya raba ta da Maltina. Ni ba na sha, kuma ba ta shiga gidana. Ba fatawa nake bayarwa ba. Ina da ɗa ɗan shekara 15, a ƙasar da doka ta yarda yaro ya sayi giya da ya cika 16, ba na son hannunsa ya saba da siffar kwalbar.

Maganar zama a teburin da ake sha kuwa, ka yi gaskiya, malaminmu na nan ma ya ja mini kunne. Yanzu nakan kai musu zoɓon, mu gaisa a tsaye, in dawo gida kafin a fara buɗe kwalabe.

Don Allah ka karanta wa Inna wannan da kanka kafin wani ya kai mata hoton. In an samu mai tahowa bayan Sallar Gani, a saka mana soɓorodo da gero tiya biyu. Na shagunan nan ya daɗe a buhu, ba ya tsira.