Wayar Baba za ta yi aiki a Saudiyya, kada ku sayi sabuwa tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce mahaifinka zai tafi Umara daga ƙauyenku na wajen Gumel, wayarsa Tecno ce mai 4G, kuma wani ya gaya muku wai wayar Najeriya ba ta kama sabis a Saudiyya sai an sayi tasu. Allah ya kai Baba lafiya, ya karɓi ibada. Sana'ata gyaran waya, kuma duk lokacin aikin Hajji ko Umarar azumi sai maniyyata sun zo shagona da wannan tambaya, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Maganar da aka gaya muku ba haka take ba. Wayar Baba za ta yi aiki a Makka da Madina, in dai tana aiki a nan gida da layuka daban-daban. Amma shi ma wanda ya faɗa muku ba daga iska ya ɗauko ba, akwai ƙasashen da hakan ke faruwa, Saudiyya ce dai ba ta cikinsu.

Ka tuna rediyon Baba. In mai FM ce kaɗai, ko ya kwana yana murɗa ta ba za ta kamo tashar da ke watsa shiri a gajeren zango ba. Waya ma da zangon da aka ƙera ta ta ji, kowace ƙasa kuma da zangon da hukumarta ta raba wa kamfanoni. Mu a Najeriya, tun zuwan GSM a 2001, 2G ɗinmu a kan zangon 900 da 1800 yake, 3G kuma galibi a kan 2100. A 4G, zangon 1800, wanda za ka ga an rubuta B3 a jikin kwalin waya, shi ne gama-gari. MTN na amfani da B7 da B20 ma, Glo kuma tana da B28, wato 700. To, STC da Mobily da Zain, manyan kamfanonin Saudiyya uku, tsarinsu irin namu ne da na Turai: 900 da 1800 da 2100, kuma B3 na cikin zangunan 4G ɗinsu. Kusan babu wayar 4G da ake sayarwa sabuwa a Farm Center ko Beirut Road a Kano da ba ta da B3. Tsarin zangon Nijar da Masar da Dubai ma haka yake.

Inda lamarin zango ke cizo shi ne Amurka da Kanada. Su tun asali a kan 850 da 1900 suka gina nasu, 4G ɗinsu kuma B2, B4, B12, B13, B66 da makamantansu, waɗanda yawancin ƙananan wayoyin kasuwarmu ba su da su cikakku. Ƙari a kan haka, manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022, saboda haka wayar da ba ta iya kira ta kan 4G, abin da ake rubuta wa VoLTE, za ta iya nuna sanda amma kira ya ƙi fita. Japan da Koriya ta Kudu kuwa ba su taɓa yin irin 2G ɗinmu ba, ƙaramar waya mai madanni in ta je can ta zama fitila da agogo kawai. Ɗaliban da ke cikin wannan zaure masu neman tafiya karatu waɗannan ƙasashe, ku ne ya kamata ku duba lambar samfurin wayarku, ku bincika zangunanta a intanet kafin ku tashi.

Abin da na ga yana hana alhazanmu magana da gida abu ne daban, kuma na farko shi ne wayar da aka kulle. Wayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka ko Ingila, musamman iPhone da Samsung, wasu a ɗaure suke da kamfanin da ya sayar da su. Wasu 'yan kasuwa sukan saka wani siririn faranti a bayan sim don ta karɓi layin Najeriya, mai waya bai ma sani ba. Ranar da ya sa sim ɗin Saudiyya sai ta ƙi. 'Ya'ya sukan saya wa dattijo irin wannan "babbar waya" don tafiya, alhali tsohuwar Tecno ɗinsa da aka bari a gida ta fi ta amfani. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin kuɗi ne aka tara da guminsu. Gwajin ba wuya: ciro tiren sim ka duba ko akwai wani abu manne, sannan ka sa MTN, ka sa Airtel, ka sa Glo, ka ga duk ta karɓa. Ka kuma sani cewa iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sim sam, sai eSIM, wato sim ɗin da ba kati ba ne, a cikin wayar ake sauke shi, kuma dattijo ba zai so wannan wahalar a bakin Harami ba.

Na biyu, layin Najeriya. Idan ana so ya ci gaba da aiki a can, sai an tabbatar an buɗe masa romin, wato damar layi ya yi aiki a ƙasar waje, tun a gida, an haɗa shi da NIN, kuma da ɗan kati a ciki. Amfaninsa babba ne: saƙon banki da lambar sirrin da ake turowa kafin a tura kuɗi duk ta wannan layin suke zuwa. Sai dai ka ja wa Baba kunne kada ya riƙa ɗaga kira da shi, domin a romin har wanda aka kira ana cirar kuɗinsa, ka kuma kashe masa datar romin a saitin da hannunka. Na ga mutumin da katinsa ya ƙare tun bai fita filin jirgin Jidda ba, bidiyoyin WhatsApp da suka sauka da kansu ne suka cinye.

Abin da nake ba kowa shawara, tunda wayoyinmu masu sim biyu ne: a bar na Najeriya a rami ɗaya don saƙo, a sayi na Saudiyya a sa a ɗayan don kira da data. Ana sayarwa a filin jirgin Jidda da na Madina da shagunan kamfanonin. Za su nemi fasfo, su ɗauki hoton yatsa, don haka ya saya da kansa a wurin da ya dace, kada ya karɓi wanda wani ya yi wa rajista da sunansa a kan titi. Lambar da ya samu ya turo muku, ku cire sifilin farko ku sa +966 a gaba. Lambobinku kuma ka gyara masa su tun yanzu, ka cire sifilin farko ka sa +234. Dattawa da yawa suna cewa "babu sabis", alhali 080 suke dannawa a ƙasar da ba ta san 080 ba.

Ƙaramar wayar madanni da ka ambata, ya tafi da ita don batirinta na daɗewa, amma kada ta zama ita kaɗai. Ƙasashe suna ta rage tsofaffin zanguna suna mayar da su 4G da 5G, kuma izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nema, wadda sai babbar waya. Caja kuwa ba matsala, soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin namu.

In ya kira ku a daren ashirin da bakwai murya tana yankewa, kada ku zargi wayar. Cunkoso ne. A Hajjin 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka taru a Mina da Arfa, kowa da waya a hannu, kuma goman ƙarshe na azumi a Harami ma taro ne mai yawan gaske. Saƙon murya ya fi wucewa a irin wannan lokaci. Sau da yawa ma matsalar daga ɓangarenmu take: ƙauyen da ke nesa da eriya, zango mai ƙaramar lamba irin 800 da 900 ne ke isa gare shi, shi ya sa 4G ke ɓacewa ya koma E, wato 2G, da an bar titin Gumel. Ku tsayar da lokaci da shi, misali bayan Isha'i, wani ya tsaya inda kuka san sabis na zama. Ku tuna Saudiyya ta riga mu da awa biyu.

Ku kuma na Maigatari da Babura da sauran bakin iyaka, wanda ya buɗe romin ya lura bayan ya dawo. Waya takan tsallaka ta kama eriyar Nijar da kanta, ka ga Moov ko Zamani a saman allo kana tsakar gidanka, ana cirarka kuɗin ƙasar waje. Shiga saitin, wajen zaɓen kamfani, ka cire shi daga zaɓin kai-tsaye ka zaɓi naka da hannu.

Malam, turo mini lambar samfurin da ke bayan wayar ko jikin kwalinta, in duba maka zangunanta kafin ranar tashi.