Ciwo ya kama ni a jirgin ruwa: dole ne kamfani ya biya ni diyyar nakasa?

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Shekarata shida ina aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa da ke kai kaya rijiyoyin mai daga tashar Onne da ke jihar Ribas. Bara ina bakin aiki ƙafafuna suka kumbura, aka sauke ni, asibiti suka ce hawan jini ne ya taɓa mini ƙoda. Likitan kamfani ya rubuta cewa na gama hawa jirgi, amma wai ciwon ba daga aiki ba ne. Sun biya magani kusan wata huɗu suka tsaya, yanzu sun aiko da ɗan kuɗi da takarda in sa hannu. Tunda a jirginsu na kwanta, ai dole su biya ni diyya ko?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga takardar kwantiraginka ba, don haka abin da zan faɗa na iya sauyawa idan na karanta ta. Amma wannan "dole" da ka ce, shi zan fara cire maka.

Haƙƙi biyu ka haɗa wuri ɗaya. Na farko kuɗin magani da albashin jinya. Yarjejeniyar ma'aikatan jiragen ruwa ta duniya, MLC ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta ɗora wannan a kan mai jirgi matuƙar ciwon ya kama mutum tsakanin fara aiki da mayar da shi gida, ko daga aiki ne ko ba daga aiki ba. Sai dai ta bar ƙasashe su iyakance shi, muddin bai gaza mako 16 ba. Wata huɗun nan da suka tsaya a kai, da alama lissafinsu ke nan, ba tsautsayi ba.

Diyyar nakasa kuwa wani abu ne daban. Ita ba ta tambayar inda ka kwanta, tana tambayar me ya kwantar da kai. Da kurumta ce daga ƙarar inji, ko ciwon huhu daga ƙurar asbestos, da maganar ta zo da sauƙi. Hawan jini fa? Kamfani zai ce ɗan kasuwar Kwari ma yana fama da shi bai taɓa ganin teku ba, kuma hujjar tana da nauyi. Wasu kwantiragin ma haɗari kaɗai suke biya wa diyya, ciwo ba ya ciki.

Ban ce ba ka da komai ba. Ƙofar da ta rage ita ce a nuna aikin ya tsananta ciwon: zafin ɗakin inji, ƙarancin ruwa a jiki, sinadaran wanke inji, rashin barci. Ƙa'ida ita ce hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako, kuma ana rubutawa a jirgi. Idan rajistar ta nuna an tauye maka, ka samu abin riƙewa. Amma bakin lauya ba ya tabbatar da wannan, sai ƙwararren likitan ƙoda wanda ba na kamfani ba, ya rubuta dalilinsa filla-filla. Layi ɗayan da likitansu ya rubuta bai gamsar da ni ba, kuma kwantiragi da yawa sun tanadi likita na uku da ɓangarorin biyu za su yarda da shi.

Ga tambayar da nake so ka amsa tsakaninka da Allah: lokacin gwajin lafiya kafin ka hau jirgi, ka san kana da hawan jini? Ka faɗa? Ciwon da aka ɓoye da gangan na iya rusa har haƙƙin farko. Idan kuma likitansu ya gani ya ce ka cancanta, ka adana takardar nan da kyau.

Idan kamfanin na Najeriya ne, akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, ta hannun NSITF, hukumar asusun inshorar ma'aikata ta Najeriya. Wa'adin nema shekara ɗaya ne, sai da uzuri na musamman ake ɗagawa, kai kuma ka ce bara. Ka duba ranar yau ɗin nan. Idan tutar Laberiya ko Panama jirgin ke ɗauke da ita, wato can aka yi masa rajista, wata dokar ce kuma.

Takardar da suka aiko, kada ka sa hannu tukuna. Yawanci irinta cewa take ka yafe duk sauran haƙƙi. Gyaran da aka yi wa MLC, wanda ya fara aiki a 2017, ya hana matsa wa ma'aikaci ya karɓi ƙasa da abin da kwantiragi ya tanada. Sun san da haka sarai.

Kotu kuwa ban so ka fara da ita ba. Shari'ar da likitoci biyu ke jayayya tana cin shekaru, kai kuma magani kake saye kowane wata. A rubuta wa kamfanin da masu inshorarsa, a haɗa da rahoton likitanka, a sanar da NIMASA, hukumar kula da jiragen ruwa ta Najeriya, da ƙungiyarku ta ƙwadago, a nemi zaman sulhu. Kotun ma'aikata ta ƙasa ma tana da cibiyar sulhu. Ka kai wa lauyan da ya san harkar jiragen ruwa kwantiraginka, sakamakon duk gwaje-gwajen shekaru shidan nan, da takardar da suka aiko, ba tare da sa hannunka a kai ba.