Manhajata tana maƙalewa kafin la'asar, ina matsalar take?

Tambaya: Salam malam. Na rubuta wa wani shago manhajar lissafin kaya da C# da SQL Server, da safe lafiya lau take aiki amma kafin la'asar sai ta ce ta kasa samun konekshan, dole sai an kashe an kunna. Ni na ɗauka mai kwashe shara na .NET (garbage collector) yana share komai da kansa ai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai kwashe sharar nan memori kaɗai ya sani, kuma ba ya zuwa sai ya ga wuri ya fara cika. Konekshan na databes, buɗaɗɗen fayil, soket, duk aro ka karɓo, kai za ka mayar da hannunka.

Ina kyautata zaton ga abin da ke faruwa. SqlConnection, wato abin da kake buɗe konekshan da shi zuwa databes, yana da rumbu (connection pool) da yake ajiye konekshan, in ba ka canja saitin ba guda 100 ne iyakarsa, to duk cinikin da aka shigar ka buɗe ɗaya ba ka rufe ba, shi kuma obje ɗin ɗan mitsitsi ne a memori balle ya sa mai shara ya motsa, haka za su yi ta taruwa har na 101 ya zo ya tsaya jira daƙiƙa 15 ya faɗi. Kashewa da kunnawa rumbun kawai take zazzagewa.

Kar ka ce za ka sa Close a ƙarshen aikin shi kenan, in kuskure ya faru a tsakiya ba za a taɓa kaiwa layin ba. Ka rubuta haka:

using var kon = new SqlConnection(adireshi);

Wannan salon tun C# 8 na 2019 yake, da an fita daga wurin zai kira Dispose, wato umarnin da yake mayar da konekshan ɗin rumbu, ko da kuskure ko babu. Ka yi wa SqlDataReader, mai karanto sakamako daga databes, ma haka, shi mutane suka fi mantawa wallahi. In kuma kilas ɗinka ne yake riƙe da irin waɗannan, shi ma ya zama IDisposable, wato ya samu nasa Dispose ɗin, ya saki nasa. Finalizer kuwa, wato aikin da ke gudana bayan mai shara ya zo kan obje, ban yarda ka dogara da shi ba sam, ba ka san yaushe zai gudana ba. Masu Java try-with-resources ne irin nasu using ɗin, masu Python kuma with.

Kafin ka gyara, gobe da azahar ka gudanar da sp_who2, umarnin da ke nuna konekshan ɗin da ke buɗe, a sabar, ka ƙirga konekshan nawa ne na manhajarka suke kwance suna barci, bayan gyaran ka sake ƙirgawa.