Kuɗi ɗaya, ci da kwana duk a ciki: ko da riba?

Wani mai gidan saukar baƙi a bakin ruwa ya aiko da tambaya. Ɗakunansa 14 ne, kuma ba sa cika sai lokacin Sallah. Yana so ya yanka kuɗi ɗaya wanda ya haɗa ɗaki da abinci sau uku da wasan yara, amma yana tsoron kada baƙi su cinye masa uwar kuɗi.

Alhaji, tsoronka yana kan hanya, domin waɗanda suka fara wannan sana'a ma sun sha wuyarta. Bari in ba ka labarinsu.

A shekarar 1936 Billy Butlin ya buɗe sansanin hutu a Skegness, bakin teku a gabashin Ingila. Abin da ya lura da shi shi ne, masu gidajen haya na garuruwan bakin teku kan fitar da baƙonsu waje da zarar ya karya kumallo, ko da ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ba shi da damar komawa ɗaki sai lokacin cin abinci. Shi kuwa sai ya gina ƙananan ɗakuna a jere, ya ce a biya daga sule 35 zuwa fam 3 a mako, gwargwadon lokacin shekara, a ci sau uku, a yi iyo, a kalli wasa, ba ƙarin ko kwabo. Tallarsa ita ce hutun mako ɗaya a kan albashin mako ɗaya. Sa'a kuma ta zo masa: a 1938 majalisar Birtaniya ta yi dokar hutu da albashi, ma'aikatan da a da ba su san hutu ba suka sami lokaci da ɗan abin kashewa. A shekarar ya buɗe na biyu a Clacton.

To, ina ribar take? Ba a cikin rowar abinci take ba. Butlin ya san yawan bakin da zai ciyar tun kafin su iso, saboda mako guda cur ake kamawa, a shiga Asabar a fita Asabar. Kowa abinci iri ɗaya yake ci a lokaci ɗaya, a babban zaure. Wanda ya san mutum nawa zai dafa wa yakan sayi buhu a kan sari, kuma ba ya zubar da saura. Kai ma nan ne gadon bayan lissafinka. Idan ka bar kowane baƙo ya zaɓi abin da ransa yake so, wannan farfesun kayan ciki, wancan gasasshen kifi, a kan kuɗi ɗaya, ka kashe kanka da hannunka.

Na biyun su ya fi kama da halin da kake ciki, don da ƙaramin jari ya fara. Gérard Blitz, ɗan ƙasar Beljiyam, ya kafa Club Méditerranée a 1950 a Alcúdia, tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen. Ko gini bai yi ba, tantunan sojan Amurka da suka rage bayan yaƙi ya kafa a bakin rairayi. Gilbert Trigano, wanda gidansu ke sana'ar tanti, daga baya ya shigo ya zama jigon kamfanin. A wancan zamanin, duk da suna cewa komai yana ciki, abin shan da mutum zai nema a kanta bayan an tashi daga cin abinci ba ya ciki. Sai baƙo ya sayi wasu 'yan duwatsun roba ya rataya a wuya kamar carbi, yana cirewa yana biya. Dabara ce mai kyau: abin da ba a iya yi wa iyaka, an fitar da shi daga farashi ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Amma ka lura, duk cinkoson da suke samu, bashi ya kusa durƙusar da su, sai da attajiri Edmond de Rothschild ya zuba kuɗi a 1961. Cikar gida daban, riba daban.

Saboda haka ga abin da zan yi in ni ne kai. Kada ka sayar da kwana ɗaya, ka sayar da kwana uku a dunƙule, daga ranar Sallah. Ka karɓi rabin kuɗin tun saura mako biyu, da shi za ka yi cefane kafin kaya su yi tashin Sallah. Lemo, tsire, hawan kwalekwale da wanki duk su tsaya a waje, da farashinsu a rubuce a ƙofa. Man janareta kuwa ka lissafa shi kamar wuta ba za ta zo ba ko sau ɗaya, ka raba a kan ɗaki 10, don kada ka dogara da cewa duka 14 za su cika.

Ka gwada da ɗaki shida a ƙaramar Sallah, ka rubuta duk mudun shinkafa da litar mai da suka fita. Da wannan littafin za ka yanka farashin babbar Sallah.